Ku Tambayi Mai Keke: Hawan Keke a Kan Duwatsu Masu Aman Wuta

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, tun da wani bidiyo ya zaga WhatsApp na wasu Turawa suna tsala gudu da kekuna a kan wata baƙar ƙasa, ba bishiya ba ciyawa, kamar an cinna wa duniya wuta ta mutu. Na tsinci waɗanda zan iya amsawa a ɗan filin da edita ya bani, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri dan Allah, ba raini ba ne.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a Gwammaja nake. Dan Allah wane irin keke ne a bidiyon nan, kansa irin na 'yan tsere amma tayarsa ƙatuwa, kuma wace ƙasa ce? Ni inada ɗan Kwatano mai giya da na saya a Sabon Gari, shin zai iya irin wannan hanyar ko sai na nemi irin nasu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bidiyon sau uku aka turo min, ɗaya har da rubutu a ƙasa wai a duniyar wata aka ɗauka. Ba wata ba ne, Aisland ce, tsibirin nan da ke can arewacin Turai, kuma tseren sunansa The Rift, tun 2019 ake yinsa a watan Yuli, kilomita 200, ana kewaya gindin wani dutse mai aman wuta da ake kira Hekla wanda rabonsa da yin aman tun shekarar 2000. A wannan yankin dai ne wani dutsen ya turnuƙe sama da toka a 2010 har jirage suka daina tashi a Turai kusan mako guda, in ka tambayi manya da ke sauraron rediyo a lokacin zasu tuna.

Keken kuma su suna ce masa girabul, wato tsakuwa, ni dai keken burji nake kiransa don shi ne ainihin ma'anar. Jikinsa na tsere ne, kan ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago, amma an buɗa masa wurin taya yadda mai faɗin milimita 38 har 50 zata shiga, alhali na kwalta bai cika wuce 25 zuwa 30 ba. Birkinsa na faifai ne irin na gaban babur, giyarsa tana da sauƙi saboda hawa, kuma an ɗan tsawaita tsakanin tayoyin don ya zauna daram in ƙasa tana zamewa. A Amurka abin ya yi ƙarfi, a hanyoyin gonaki, a 2006 mutum 34 suka fara wani tsere na mil 200 a garin Emporia da ke jihar Kansas, yanzu dubban mutane ke zuwa, sunansa Unbound. Hukumar tseren keke ta duniya UCI ma sai a 2022 ta fara gasar duniya ta irin wannan, a Italiya. Abin da ke bani dariya shi ne, mai itacen nan da ke shigowa gari daga Gezawa da asuba a kan Finis ɗinsa, ko mai rake da ya ɗaura dami biyu a kariya, shekara nawa suna yin wannan girabul ɗin ba wanda ya taɓa rataya musu lamba.

To maganar naka keken. Ɗan Kwatanon da ake sayarwa a Sabon Gari yawanci keken dutse ne, mai miƙaƙƙen kai da taya mai ƙaya, kuma wallahi a kan ƙasar dutsen wuta shi ya fi yafiya ga ɗan koyo, tunda tayarsa ta ma fi ta keken burjin faɗi. Gudu ne kawai bazai kai nasu ba a inda hanya ta miƙe. Abin da ya kamata ka gane shi ne ita ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Akwai inda narkakken dutse ya malalo ya daskare, ya zama baƙi ƙirin mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba, wannan gefen taya yake yankawa ba ƙasanta ba, kuma a wasu wuraren kamar Hell's Gate a Kenya, inda ake barin mutane su shiga gandun dajin da keke, har da wanda ya zama gilashi na gaske. Akwai tsakuwa mai ramuka ramuka mara nauyi, 'yar uwar dutsen goge kaushi da iyayenmu mata ke ajewa a banɗaki, ita kuma birgima take a ƙarƙashin taya, ka taka feda tayar baya ta juya a wuri ɗaya kana nan inda kake. Sai kuma toka, wadda take kamar yashin Challawa da rani, tayar gaba ta nutse kan keken ya ƙwace maka. A cikin tafiyar awa ɗaya zaka iya cin karo da duka ukun. Don haka kafin ka fara mafarkin sabon keke, kai naka wajen mai gyara a duba boris, a ɗaure sifok, a sa sabuwar taya mai kaurin gefe, a tabbata ƙaramar giya tana shiga ba gardama. Kuɗin keken burji mai kyau a yau zai iya saya maka babur, kai kuma ɗalibi ne.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Muna musu a majalisarmu a Ƙofar Mazugal, wani ya ce Dala da Goron Dutse asalinsu duwatsun aman wuta ne da suka mutu, ni na ce ƙarya ne. Wa ya yi gaskiya? Kuma in mutum yana son ya hau keke a irin wannan ƙasa dole sai ya fita Najeriya?

AMSA: Kai ka ci musun ɗan uwa, ka je ka karɓi shayinka. Dala da Goron Dutse ragowar tudu ne mai hular marmara, ruwa da iska suka cinye ƙasar da ke kewaye suka bar su a tsaye saboda samansu ya yi tauri, kuma wannan jan dutsen mai tama shi ya jawo maƙeran farko suka zauna a gindin Dala. Ba su taɓa aman komai ba.

Amma abokin naka bai yi nisa da gaskiya sosai ba, adireshi ya ɓata. A jihar Kano ɗin nan, in ka nausa kudu ka wuce Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore ka shiga ƙaramar hukumar Doguwa, duwatsun Riruwai da ake haƙar kuza, masana ƙasa sun ce saiwar wani tsohon dutsen wuta ne da ya yi zamaninsa sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, samansa ya zaizaye ya bar zoben duwatsu. Saidai a can ba zaka ga baƙar tsakuwar bidiyo ba, ta daɗe da tafiya.

In kana son ka ga abin da idonka, Filato zaka. Daga Jos ka bi hanyar Mangu zuwa Panyam, nan zaka fara hango tsaunuka a jere masu siffar tulun da aka kife aka fasa gindinsa, wasu ma in ka hau zaka tarar da kwarin a tsakiya. A Kerang ruwan kwalbar nan na SWAN yake fitowa, a gindin irin wannan dutsen, kuma a Ampang ta Yamma akwai tafkin Pidong wanda yake zaune a cikin bakin dutsen kansa. Ƙasar wajen tana da albarka shi yasa dankalin Turawa ke yi, yawancin wanda kuke soyawa da ƙwai a Kano daga Filato ake loda shi. Hanyoyin da ke tsakanin gonakin nan su ne hanyoyin keken, ja a wani wuri, baƙi a wani, ga duwatsu a watse da manoma suka tsince suka jera a gefe. Akwai kuma tudun Biu a kudancin Borno mai irin waɗannan tsaunuka da yawa da tafkin Tila, sai Mambila a Taraba wadda hawanta kaɗai ya ishi mutum labari.

Magana ta gaskiya dai, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mangu ta sha rikici a 2023 da farkon 2024, rayuka da yawa sun salwanta, kuma kai Bahaushe ne baƙo a kan keke da hular kwano kana leƙe leƙe a gonakin mutane kana ɗaukar hoto. Kar ka je sai kana da ɗan gari da zai raka ka, ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi halin da ake ciki a satin da zaka tafi ba labarin bara ba. Falgore ma ba a ratsa shi da dare, Biu kuwa a yanzu ni bazan tura ɗan kowa yawon keke can ba.

TAMBAYA: Baba mai keke, iska nawa ake sa wa taya a irin wannan hanya? Mai facinmu cewa yake a cika ta tam sai ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa.

AMSA: Ɗana wannan tambayar taka ita ce ta fi duk na yau muhimmanci, kuma na biya kuɗin karatunta da fatar gwiwata. Mai facinku yana maganar kwalta ne da ɗaukar kaya, a nan yana da gaskiya. A kan tsakuwa taya mai tauri tsalle take kamar ƙwallo, bata kama ƙasa, kuma in ta haɗu da dutse mai kaifi maimakon ta lotsa ta rungume shi sai ta tsage.

Zuwana na farko wajen Panyam mu uku ne, kafin mu tashi na kai keken wajen wani mai faci ya ɗura mata iska da injin da yake yi wa motoci, ya danna da babban yatsa ya ce Alhaji ko Makka zaka je da wannan, ni kuma na ji daɗi har na ƙara masa kuɗi. Ko awa biyu bamu yi ba a wata 'yar gangara tayar gaba ta yi tsalle a kan tsakuwa ta zame, na tsinci kaina a ƙasa, na tashi na duba sai ga gefen tayar ya tsage kusan tsawon ɗan yatsa tib ya leƙo kamar harshe ya fashe. Faci baya maganin wannan, ko ka sa sabon tib ta nan zai sake fitowa. Abin da ya fitar damu shi ne ledar fiya wata da muka ninka huɗu muka shimfiɗa ta ciki tsakanin tib da tsagar, muka sa iska kaɗan, na lallaɓa a haka har bakin titi. Daga baya na koyi yanko guntun tsohuwar taya in riƙa yawo da shi a jaka, ya fi leda ƙarko nesa ba kusa ba.

Lissafin dai ga shi, ka sayi famfo mai geji ka daina dogara da yatsa. Mutum mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin milimita 40 zuwa 45, in tubles ce, 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI na geji ya isa, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi. In mai tib ce ka ƙara zuwa wajen 40, don in ta yi laushi da yawa rim zai matse tib a jikin dutse ya yi masa huji biyu a jere kamar saran maciji. Mai jiki ya ƙara, siriri ya rage. Tubles ɗin keke ana zuba mata wani farin ruwa kamar madara a ciki wanda ke toshe ƙananan huji da kansa kana cikin tafiya, in hujin ya yi girma sai ka cusa igiyar faci irin wadda ake yi wa tayar mota amma ƙarama. Matsalarsa ɗaya, zafin Kano yana busar da shi da wuri, duk wata biyu zuwa uku sai ka duba ka ƙara, kuma ko da tubles ɗin kar ka fita ba tib ɗaya ko biyu a jaka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Tarauni. Maigidana tun da ya shiga ƙungiyar masu hawa keke ranar Lahadi ba a zaune lafiya, yanzu wai babur ɗinsa zai sayar ya sayi wani keke, wai shi da abokansa zasu je Kamaru su hau dutsen da ke aman wuta. Na yi magana ya ce ban waye ba. Dan girman Allah dutsen nan bazai tashi da su ba? Yara huɗu ne damu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bar zumunci ya raya zuri'a. Ki kwantar da hankalinki, amma ki ajiye masa wannan shafin kusa da kwanon abincinsa.

Dutsen Kamaru da yake magana yana da rai, wannan gaskiya ne, tsayinsa ya haura mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 ya sake a 2000. Saidai shi ba da keke ake hawa ƙololuwarsa ba, da ƙafa ake hawa, har tseren gudu ake yi duk shekara daga garin Buea da ke gindinsa a je sama a dawo. Wanda ya ce zai kai keke can sama, to keken ne zai hau shi. Kuma Buea tana cikin yankin masu magana da Ingilishi inda ake fama da rikicin 'yan aware tun wajen 2017, wannan ya fi wutar dutsen zama abin dubawa.

Su irin waɗannan duwatsu ba kasafai suke tashi ba sallama ba, yawanci ƙasa takan yi ta 'yar girgiza kwanaki kafin nan, masu awo su gani a rufe hanya. A tsibirin La Palma na Sifen da ya yi aman kwana 85 a 2021 an kwashe dubban mutane, gidaje suka tafi amma jama'a suka tsira. Abin da ya fi ban tsoro a Kamaru ma ba wuta ba ce, a daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse, ya saki wata iska mara launi mara wari mai nauyi da ta gangaro cikin kwari ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, da yawansu suna barci, cikinsu har da Fulani makiyaya. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar a hankali. Shi yasa a irin waɗannan wurare ba a kwana a cikin kwari kusa da tafkin bakin dutse.

Namu na Filato kuwa babu wanda ya taɓa ganin sun yi ko hayaƙi, mutane noma suke a jikinsu. In Alhaji dole sai ya ga baƙar tsakuwa to ga ta nan kusa, kwana biyu ya je ya dawo. Ni abin da nake jiye wa mai keke ba dutse ba ne, direban tirela ne a hanyar zuwa, da rana, da ƙishirwa, da gangara. Babur kuma kar a sayar, da me za a kai yara makaranta? Alhaji in kana karantawa, ka gyara wanda kake da shi, ka sayi hular kwano mai kyau, ragowar canjin ka yi wa Hajiya atamfa a Kwari.

TAMBAYA: Malam ni hawa baya bani tsoro, gangara ce matsalata. Na taɓa saukowa daga wani tudu a wajen Rano birki ya ƙi ci sai da na faɗa gona. Ya ake yi?

AMSA: Allah ya ƙara kiyayewa, gona ma ai gata ce, a kan daskararren dutsen wuta babu wajen faɗuwa mai laushi, fata yake kwashewa kamar magogin kubewa. Safar hannu da hular kwano ba ado ba ne a can.

Birkinka ya ƙi ci ne saboda ka riƙe shi tun daga sama har ƙasa, ya yi zafi. In na roba ne mai matse rim, robar tana laushi ta daina kamawa, rim ɗin kuma ya yi zafin da zai iya fasa tib. In na faifai ne shi ma yana gajiya, kuma kar ka kuskura ka taɓa faifan bayan doguwar gangara, zai yi maka tambari a yatsa. Yadda ake yi shi ne ka matsa da ƙarfi ka rage gudu sosai, ka saki ya sha iska, ka sake matsawa, in gangarar doguwa ce ka tsaya a tsakiya ka sha ruwa kai da birkin ku huta. Ka rage gudun tun kafin ka shiga kwana ba a cikinta ba. Birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa amma a kan tsakuwa mai birgima in ka damƙe shi lokaci ɗaya tayar zata kulle ta zame, sai ka riƙa lallaɓa shi tare da na baya. Ka ɗaga mazaunai daga sirdi ka ja su baya, feda biyu a daidai, gwiwa da gwiwar hannu a sake, kar ka sandare, ka bar keken ya yi 'yar rawarsa a ƙarƙashinka. Idonka kuma ya tafi inda kake son bi, don duk dutsen da ka ƙura wa ido shi zaka doka, na rasa dalili amma haka ne.

In ka shiga toka ko yashi kuwa akasin abin da zuciya ke faɗa maka zaka yi, kar ka taɓa birki, kar ka murɗa kai, ka sa giya mai sauƙi ka yi ta juya feda nauyinka na baya. Kuma sauka a tura keke ba abin kunya ba ne, 'yan tseren Aisland ɗin ma sauka suke su saɓa shi a kafaɗa in sun zo kogi.

TAMBAYA: Yaya mai keke, Kano shimfiɗe take kamar faranti, a ina mutum zai koyi hawan tudu? Wasu abokaina gadar sama suke hawa suna sauka da asuba. Kuma ance a saman dutse numfashi yana ɗaukewa, gaskiya ne?

AMSA: Gadar sama ni bana ba da shawararta ƙanena, ɗan adaidaita da ya kwaso fasinjan asuba baya ganinka, hawan kuma na minti ɗaya ne ba abin da zai ƙara maka. Ka fita gari. Wajen Rano da Tiga akwai tudu da gangara da burji na gaske, hanyar Ƙaraye zuwa dam ɗin Challawa ma haka, in kuma kana son koyon yashi to da rani ka sauka gefen kogi ka yi ta faɗuwa a inda ba zaka ji ciwo ba. Sannan muna da wani tudu da ba a gani, iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take busowa, ka fuskance ta ta hanyar Gezawa ko Minjibir ka sa giya mai ɗan nauyi ka yi awa ɗaya, cinyarka bata san bambancin wannan da hawa ba. Saidai ka rufe hanci in ƙura ta yi yawa.

Maganar numfashi, Kano tana wajen mita 480 ne daga teku, Jos kuma wajen 1,200, wannan bambancin zaka ɗan ji shi a rana ta farko shikenan. Daga mita 2,000 zuwa sama ne abin ke fara cizo, a 3,000 iskar da kake shaƙa kusan kashi 70 cikin 100 ce ta wadda ke bakin teku. Shi yasa manyan 'yan tseren Turai ke zuwa su tare a dutsen Teide na tsibirin Tenerife, mai tsayin mita 3,715, suna kwana a wajen mita 2,000 na makonni don jininsu ya saba. Abin da zai fi baka mamaki a Filato sanyi ne, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da digiri 6 zuwa 7, ka hau kana gumi ka gangaro haƙora na kaɗawa, don haka ka cusa 'yar rigar iska a aljihu. Sanyin kuma yana yaudara, baka jin ƙishi alhali ruwa na fita, ka riƙa kurɓa tun kafin ka ji. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya kuma ka haɗa lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin wanda ake yi wa yara masu gudawa. Dabino da ƙuli da gyaɗa sun isheka, ba sai ka sayi wani abu mai tsada a leda ba. Da azumi kuwa ka bar doguwar tafiya, ɗan zagaye bayan asham ya wadatar.

TAMBAYA: Malam baƙin mai yana da kyau a cen, wato sarƙar keke?

AMSA: A'a. Na san shi kowane mai gyara ke shafawa kuma kyauta ne, amma ƙura yake kamawa ya zama kamar samfefa yana cin cen da haƙoran firiwil. Tokar dutsen wuta ta fi muni don ba irin tokar murhu ba ce, garin dutse ne da gilashi, bata narkewa a ruwa. Ka wanke cen da kananzir ya bushe sarai, ka sa man keke mara danƙo ka goge na waje da tsumma, ko ka narka kyandir ka tsoma shi ciki ka rataye, ƙura bata manne wa kaki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe mun shirya mu huɗu bayan damina zamu Jos da kekunanmu a motar haya. Ya zamu yi kar a lalata mana su a but?

AMSA: Madalla, lokacin kuma kun zaɓa daidai, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ƙasa ta bushe ciyawa bata gama ƙonewa ba, da damina jar ƙasar can tana kama taya ta cika madigadi har keken ya ƙi motsi. Ku cire tayar gaba da feda, ku juya kan ya kwanta a jikin keken, ku samo kwali a Sabon Gari ku naɗe. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne 'yar ƙafar giyar baya, buhu ɗaya aka jingina mata ta lanƙwashe, ku kwance ta ku naɗe da tsumma ku ɗaure a jikin ƙarfen, kuma ɗan ƙarfen da take rataye a jiki kowa ya nemi na ajiya tun a nan, don kowane keke da irin nasa, ba lallai ku samu a Mangu ba. Masu birkin faifai na mai ku cusa guntun kwali a inda faifan ya fita, in ba haka ba wani ya matsa hannun birki a tasha bakin ya haɗe. Ku tsaya a kan kayanku har a gama lodi, kekuna su zama na ƙarshe a sama ba na farko a ƙasa ba, in da hali ma ku huɗu ku haɗa kuɗi ku sayi kujerun baya gaba ɗaya. Ku tashi da sassafe yadda zaku wuce Falgore rana na sama, kuma in kun dawo ku turo min hoton Pidong in saka a wannan shafin.